Neman kalma: me za mu kira mai zuba jari a kamfani tun yana jariri?

Mai Fassara:
Assalamu alaikum. Malamai, ina neman kalmar Hausa ga abin da Turawa ke kira "venture capital", da kuma sunan mai wannan sana'a, musamman wanda ke shiga tun farkon fari. Mutum ne da ke tara kuɗin wasu, ya sayi kaso a kamfanin da bai fara cin riba ba, wani ma bai sayar da ko tsinke ba, sannan ya zauna jira shekara 7 zuwa 10. Ana rubuta "ɗan jari-hujja", ana rubuta "mai ba da tallafi", wasu kuma "mai zuba jari" kawai. Ukun duk ba su kwanta mini ba. A taimaka.

Malam Akanta:
Wa alaikumus salam. Biyun farko a jefar da su. Jari-hujja sunan tsarin tattalin arziki ne, ɗan jari-hujja kuwa wanda ya rungumi tsarin ne, ba sunan sana'a ba ne. "Tallafi" ya fi muni, don yana ɓatar da mai karatu. Matashin da ya karanta tallafi zai ɗauka kyauta ce, alhali kuɗin nan ana biyan su da yankin kamfani, sau da yawa har da kujera a kwamitin daraktoci. Ba rance ba ne kuma: babu ranar biya, babu jingina, in kamfani ya mutu kuɗi sun bi shi.

Kafin a raɗa suna a san yadda abin ke aiki. Ɓangare biyu ne. Akwai masu dukiya: asusun fansho, kamfanonin inshora, asusun ajiyar jami'o'i, attajirai. Akwai masu juya dukiyar, su ne muke nema wa suna. Masu dukiya ba sa zube kuɗin rana ɗaya, alkawari suke yi, ana kiran kuɗin kashi-kashi duk sanda aka sami kamfanin da za a shiga. Asusu kan yi shekara 10, ana iya ƙara ɗaya ko biyu. Shekara 3 zuwa 5 na farko ake ɗaukar sababbin kamfanoni, sauran na jira ne da ƙara wa waɗanda suka nuna alama.

Ladan masu juyawa iri biyu ne. A ɗauki asusun dala miliyan 100. Ladan kula kan kai kashi 2 cikin 100 a shekara, wato miliyan 2, na albashi da ofis da lauyoyi. A shekara 10 ya doshi miliyan 20, ko da yake yawancin yarjejeniyoyi na rage shi bayan an daina ɗaukar sababbi. Ashe abin da ke isa kamfanoni wajen miliyan 80 ne. Na biyu kason riba, kashi 20 cikin 100, kuma ba a taɓa shi sai masu dukiya sun karɓi uwar kuɗinsu. In asusun ya dawo da miliyan 300, riba miliyan 200 ce, masu juyawa su ɗauki 40, masu dukiya 260. Ni dai "jarin kasada" nake gani, mai yi kuma "mai jarin kasada".

Malamar Harshe:
Malam, na gode da lissafin, amma "kasada" na da nauyin da ya kamata a auna. In aka ce wane ɗan kasada ne, abin da ke zuwa zuciya shi ne mai jefa kansa inda hankali ya hana, kusa da ganganci. Wanda ya karanta "mai jarin kasada" zai iya ɗauka ɗan caca ne da rigar kasuwanci. Alhali aikin mutumin nan bai ƙare ranar da ya sa hannu ba, ranar ya fara. Yana nemo wa kamfani manyan ma'aikata, yana haɗa shi da masu saye, yana shirya shi don neman kuɗi na gaba, yana zama da masu kamfani in sun sami saɓani. Wannan reno ne. Ina ba da "jarin reno", mai yi "marenin kamfani". Ga daɗin faɗa, ga shi kowa ya san mai reno ba ya riƙe yaro har abada, dole wata rana ya sake shi.

Dattijo:
'Yata, maganarki na da tushe, kuma tarihin sana'ar ya ba ki gaskiya rabi. Georges Doriot, Bafaranshe mai koyarwa a Harvard, shi ya jagoranci kamfanin zuba jari na American Research and Development da aka kafa a Boston a 1946, kuma an san shi da kallon kamfanonin da ya shiga kamar 'ya'ya. Amma dubi abin da ya faru da kuɗinsa. A 1957 ya sa dala 70,000 a Digital Equipment, kamfanin kwamfuta na wasu injiniyoyi biyu, ya karɓi mafi rinjayen kaso. Wannan kaso ɗaya daga baya ya kai ɗaruruwan miliyoyin daloli, ya rinjayi duk sauran abin da ya shiga. Uba na raba kulawa daidai tsakanin 'ya'ya. Sana'ar nan ba haka take ba.

Ga yadda take. Asusun matakin farko kan shiga kamfani 20 zuwa 30. Da yawa za su mutu ko su dawo da ƙasa da abin da aka sa, wasu su dawo da uwar kuɗi da ɗan ƙari, ɗaya ko biyu su biya wa kowa. Asarar da za ka yi a kamfani ɗaya ba ta wuce abin da ka sa, riba kuwa ba ta da rufi. Shi ya sa tambayar da gwani ke yi ba "wannan zai mutu?" ba ce, ita ce "in ya rayu, zai iya dawo da asusun gaba ɗaya?" Mai asusun miliyan 100 da ya rage da kashi 10 cikin 100 na kamfani ranar sayarwa, sai an sayar da kamfanin dala biliyan 1 kafin ya mayar da uwar kuɗi daga gare shi. Don haka ne kasuwanci mai lafiya, mai kawo riba madaidaiciya kowace shekara, ba ya burge shi, kuma ba raini ba ne, lissafi ne. Kuma don haka yake ware kusan rabin asusun, ya ƙara wa masu tashi, ya ƙyale masu tangaɗi. Mai reno ya fi ba marar lafiya kulawa. Wannan kuwa, mai ƙarfi yake ƙara wa. In muka ce reno, mun yi wa matasa alkawarin da kuɗin nan ba su ɗauka ba.

Malamar Harshe:
Baba, wannan hujja ta ƙarshe ta shige ni. Amma har yanzu ina tsoron a ji kasada a ɗauka babu dabara a ciki.

Dattijo:
Dabara kam akwai, har makarantu biyu. Arthur Rock, wanda a 1957 ya haɗa attajiri Sherman Fairchild da injiniyoyi takwas da suka bar kamfanin Shockley, kuma a 1968 ya tattaro dala miliyan 2.5 aka kafa Intel, mutane yake dubawa kafin haja. Don Valentine, da ya yi aikin sayar da kaya a kamfanin Fairchild kafin ya kafa kamfanin jarin kasada na Sequoia a 1972, girman kasuwa yake fara aunawa, yana ganin in kasuwa ta yi faɗi ana iya sauya shugaban da ya gaza. Har yau masu sana'ar na tsakanin waɗannan biyu. A matakin farko, inda babu littafin ciniki da za a duba, ra'ayin Rock ya fi ƙarfi a ganina: ana bincikar masu kamfani wajen waɗanda suka yi aiki da su, ana kiran masu sayen farko a ji ko za su sake saye, ana duba kuɗin wata nawa suka rage a hannu.

Hanyar shiga ma ba ɗaya ba ce. Wasu na hawa tsani daga mai bincike zuwa mataimaki har abokin tarayya, wasu sun taɓa kafa kamfani, Michael Moritz kuwa ɗan jarida ne a mujallar Time kafin ya koma Sequoia a 1986. Wahalar aikin ita ce sakamako na jinkiri: sai mutum ya shekara bakwai ko takwas kafin a san ko ya iya, alhali tun a shekara ta uku yana neman kuɗin asusu na biyu da ribar da ke kan takarda kawai. Kasada ce mai tsari, kuma Hausa na cewa "ya yi kasada" ga jarumi ma, ba ga wawa kaɗai ba.

Lauya:
Ranka ya daɗe, ina bayanka. Wani ya turo mini cewa a ce "mudaraba" ko "ƙiradi" a huta. Tsakanin masu dukiya da masu juyawa akwai kama sosai: wannan da kuɗi, wancan da aiki, a raba riba, asara ta hau kan dukiya. Amma kada mu ɗora sunan fiƙihu a kan abin da ba a gina shi bisa sharuɗɗan fiƙihu ba, don mai karatu zai ɗauka an halatta duk abin da ke cikin takardar. Akwai sharaɗin da malamai da yawa ba su yarda da shi ba, kuma shi ma yana buƙatar suna.

Mai jarin kasada ba hannun jari na gama-gari yake saye ba, mai fifiko ne. Ya sa miliyan 5 ya karɓi kashi 20. In aka sayar da kamfani miliyan 10, ba miliyan 2 zai ɗauka ba, miliyan 5 ɗinsa zai fara cirewa, sauran su raba abin da ya rage. In aka sayar miliyan 50 sai ya bar fifikon ya ɗauki kasonsa, miliyan 10. Mararrabar tana kan miliyan 25. Ina kiran wannan "haƙƙin fara ɗiba". Inda ake cutuwa shi ne in an rubuta ya fara ɗibar ninki biyu ko uku na abin da ya sa, ko a ce ya fara ɗiba kuma ya dawo a raba sauran da shi. Masu kamfani kan zuba ido kan ƙimar da aka yi musu, su sa hannu a wannan layi ba su karanta ba.

Sai raguwar kaso. An yi wa kamfani ƙima miliyan 8, ka sa miliyan 2, ƙima bayan kuɗi ta zama 10, kana da kashi 20. A zagayen neman kuɗi na gaba aka buga sababbin hannayen jari aka sayar da kashi 20, naka ya koma 16. Aka sake, ya koma 12.8. Ba a ƙwace maka ko hannu ɗaya ba, yawan hannayen ne ya ƙaru. "Zaizayar kaso" ta dace da shi, don ƙasa ma haka ruwa ke cin ta kaɗan-kaɗan. Maganinta sharaɗin da ke ba ka damar saye a kowane zagaye gwargwadon kasonka, "haƙƙin kare kaso", kuma kuɗin da Dattijo ya ce ana warewa nan suke tafiya.

A kula da takardar yarjejeniya mai suna SAFE da Y Combinator, wani kamfanin Amurka mai zuba jari a sababbin kamfanoni, ya fito da ita a 2013, aka sabunta ta a 2018. Ana karɓar kuɗi yau, kaso ya fito a zagaye na gaba. A sabon salon, dala 500,000 a kan rufin ƙima na miliyan 5, wato iyakar ƙimar da za a lissafa kason da ita, kashi 10 ne cif. Mai kamfani ya sa hannu a irinta uku, ya sayar da kashi 30 tun bai zauna da babban mai jari ba, kuma duk zaizayar daga kasonsa take fita.

Malam Akanta:
Barista ya kawo mu kan hanya. Akwai kuma sharaɗin da ake sa wa masu kamfani da kansu: kasonsu ba ya tabbata sai a shekara 4, wanda ya tafi kafin cikar shekara ɗaya ba ya samun komai, in ya cika ta ya sami rubu'i, sauran na zuwa wata-wata. "Nunar kaso" za mu ce, kaso ɗanye da kaso nunanne. Kamfanin da ba shi da wannan, in ɗaya daga cikin masu shi ya yi fushi a wata na shida, zai tafi da rabin kamfani, kuma babu mai sake sa kuɗi a ciki.

Malamar Harshe:
To na sauka daga "jarin reno", Baba, amma ba zan yar da kalmar ba. Wuraren da ke ɗaukar sababbin kamfanoni rukuni-rukuni na wata uku, su ba su ɗan kuɗi da horo, irin Y Combinator da aka kafa a 2005, su ne "gidan renon kamfanoni". Can renon yake da gaske. A kan nahawu kuma: a ce "mai jarin kasada", jam'i "masu jarin kasada". Kada a ce "ɗan jarin kasada", yana jawo kunne zuwa ɗan kasada da ɗan jari-hujja lokaci guda. Matakin da Turawa ke kira na iri, kada a ce "jarin iri", don iri na nufin nau'i ma, sai a tambaye ka wane iri. "Matakin shuka" ya fi. Zagayen da ke biye a bar su da haruffansu, zagayen A, zagayen B.

Mai Fassara:
Allah ya saka da alheri. Na gwada su a jimla: "Mai jarin kasada ya shiga kamfanin tun a matakin shuka da kashi 20, ya yi amfani da haƙƙin kare kaso a zagayen A, ya fita bayan shekara 8 da aka sa kamfanin a kasuwar hannun jari." Ta tafi sumul, da su zan yi aiki.

Saura ɗaya. Wanda ke sa kuɗin aljihunsa, ba na asusu ba, kamar Andy Bechtolsheim da ya rubuta wa Google cakin dala 100,000 a 1998, ko Peter Thiel da ya sa 500,000 a Facebook a 2004, Turawa mala'ika suke ce masa. Wannan ba za ta shiga bakin Bahaushe ba.

Dattijo:
Ba za ta shiga ba, ɗana, kuma ba ma buƙatarta. Abin da ya raba shi da wancan shi ne kuɗin nasa ne, ba ya karɓar ladan kula, ba wanda zai tambaye shi lissafi bayan shekara 10. Rubuta "mai jarin aljihu".