Saba tana yanke mini aiki a minti ɗaya cif, mene ne mafita?

Ɗan Jidda: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ke kula da sabar (kwamfutar da ke ɗauke da shafin intanet) wani ƙaramin kamfanin Umra a nan Jidda, tsarin Ubuntu ne a kanta, da Nginx mai karɓar buƙatun masu shiga shafi, da PHP mai gudanar da aikin. Duk sanda na zo loda rumbun bayanan maniyyata ta phpMyAdmin, manhajar sarrafa rumbun MySQL ta burauza, sai ya ɗauko kamar gaske, minti ɗaya na cika sai shafin ya yi fari fat, ya rubuto 504 Gateway Time-out. Na ɗaga max_execution_time, wato wa'adin aikin PHP, daga daƙiƙa 30 zuwa 600, shiru kake ji. Ga azumi ya ƙarato, maigida kuma ya sa mini ido. A taimaka don Allah.

Injiniya na Riyad: Wa alaikumus salam ƙanena. Ai minti ɗayan nan shi ya tona asirin mai laifi. PHP ka ba lokaci, amma Nginx da ke bakin ƙofa bai san da zancen ba. Shi daƙiƙa 60 yake jira tun asali, in bai ji komai daga PHP ba sai ya sallami mai jira da 504. Shiga inda aka haɗa shi da PHP ka sa fastcgi_read_timeout 600s, ka gwada da nginx -t, sannan systemctl reload nginx. Shi ma phpMyAdmin yana da nasa wa'adin, ExecTimeLimit, daƙiƙa 300 ne. In kuma shafin yana bayan Cloudflare, kamfanin da ke tsayawa tsakanin shafi da masu shigarsa, su ma suna da nasu wa'adin, sai dai lambarsu 524 ce.

Hajiya ta Madina: Malam, kafin ka taɓa komai, leƙa rumbun tukuna. 504 ba ya nufin lodin ya tsaya. Sau da yawa burauza ce kawai aka sallama, aiki na can yana tafiya a baya. In ka sake dannawa, ko dai ya tsaya da kukan an maimaita lamba, ko ka tarar da maniyyaci guda sau biyu a teburin da ba shi da makulli, wato lambar da ke hana maimaici. Shiga MySQL ka buga SHOW PROCESSLIST ka gani. Ni dai babban fayil ba na bi da shi ta burauza ko kaɗan. Tura shi kan sabar da scp, umarnin kwafar fayil, ka loda da umarnin mysql kai tsaye, babu wa'adin Nginx a wannan hanyar.

Ɗan Jidda: Na gode Hajiya. To SSH ɗin ma, da nake shiga sabar da shi daga nesa, in na bar shi na je sallah, kafin na dawo ya daskare.

Injiniya na Riyad: Wannan galibi rauta ce ke jefar da layin da ta ga ya yi shiru. A kwamfutarka, cikin ~/.ssh/config, rubuta ServerAliveInterval 60. Sannan a kan sabar, buɗe tmux, manhajar da ke riƙe aiki ko layi ya yanke, kafin ka fara lodin. Ko intanet ta ɗauke, aikin na ci gaba a kan saba, in ka dawo daga masallaci sai ka buga tmux attach.