Abin da makanikan Damagaram suka ce kan ɗaura tirela a bayan mota kat-kat (4x4)

Bakinsu ya zo ɗaya a kan ƙwallon ja, wato dunƙulen ƙarfen da ke bayan mota inda ake maƙala tirela: ya zama milimita 50, a kankare fentinsa tas, kuma kada giris ya taɓa shi. Dalili shi ne, na'urar hana tirela tangaɗi irin ta kamfanin AL-KO da gogayya take riƙe ƙwallon, maiƙo kuwa kashe gogayyar yake yi. Ƙurar hanyar Tanut ma tana cin faifan gogayyar da ke cikin na'urar, sai a riƙa goge ƙwallon da busasshen tsumma.

Matsalar Prado da Pajero ita ce tayar ko-ta-kwana da ke ƙofar baya, wadda kan tare hannun na'urar. Maganinta ƙwallo mai dogon wuya, ba lanƙwasa hannun ba.

Nauyin da ke danne ƙwallon ya kasance kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari na nauyin tirelar.