Neman shawara: ina ake samun kayan injin jirgin ruwa na hannu?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da kwale-kwale mai injin Yamaha doki 40 da nake tsallakar da mutane da buhunan masara a Kogin Kaduna. Ruwa ya ja baya, shekaranjiya na daki dutse. Farfela ta karye kunne ɗaya, da na kwance man giya kuma sai ya fito fari kamar kunun gyaɗa. Na wuni a kasuwar Panteka ta Kaduna, babu mai ita, sai masu walda ke cewa in kawo su liƙa. Kuɗin sabuwa ya fi ƙarfina. Ina zan nufa?

Wani makaniken janareta:
Wa alaikumus salam. Malam, farin man nan ruwa ne ya shiga giyar, robar da ke tare shi ta mutu, wataƙila ma ƙarfen da farfela ke kai ya lanƙwashe. Kada ka sake tayar da injin. Walda kuma za ta iya kai ka sati biyu, amma farfelar da nauyinta bai daidaita ba girgiza take yi har ta cinye giyar.

Wani ɗan Yawuri mazaunin Kawo:
Ɗan'uwa, Kaduna ba garin jirage ba ne, kada ka ga laifin 'yan Panteka. Inda jirgi ya yi yawa nan gawar inji take. Ka nufi Yawuri ko New Bussa a bakin tafkin Kainji, ko Lokoja. Makanikan bakin ruwa suna ajiye matattun injuna suna cire kaya ɗaya-ɗaya. Ka tafi da tsohuwar farfelar a buhu, akwai lamba a jikinta, sannan ka ɗauki hoton farantin lambar injin. Doki 40 ɗin ma akwai mai doguwar ƙafa da gajera, wato sashen injin da ke shiga ruwa. Ni na taɓa sayo giya da ido kawai, tana nan ƙarƙashin gado har yau.

Wani dattijo, tsohon mai jirgin yashi:
Yaro, idan aka ce maka kayan daga Legas ko Warri suka zo, ka duba da kyau. Ruwan gishiri yana cin alminiyom ta ciki, waje kuma an fesa fenti yana ƙyalli. Ka sa a kwance noti ɗaya a gabanka. In ka ga farin gari kamar toka, ajiye musu abinsu. Ka juya giyar da hannu ka saurara, sannan a zubo ɗan mai a tafinka ka murza, ko za ka ji garin ƙarfe. Robar famfon ruwa da robobin giya kuwa, sababbi za ka saya. Ba a sayen roba ta hannu.

Mai tambaya:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Yaya na Kawo, in na isa Yawuri da safe zan iya juyowa a ranar?

Ɗan Yawuri:
Ka dai shirya kwana. Ka tafi da injin gaba ɗaya in mota za ta ɗauka, a ɗaura a gwada a ruwa kafin ka biya.