Masu shan maganin ciwon damuwa, me kuka gani da kuka haɗa shi da wani magani?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Likita ya ɗora ni a kan sertraline, maganin ciwon damuwa, ga ciwon baya da ba ya barina sai na sha magani. Waɗanda suka riga ni, don Allah ku faɗa min abin da ya same ku.

Wata uwa: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, ciwon bayan nan ne ya sa na kasa wucewa. Ina kan fluoxetine, shi ma na ciwon damuwa ne, aka rubuta min tramadol bayan tiyata, ba wanda ya tambayi abin da nake sha. Cikin dare gumi ya wanke ni, jiki na karkarwa, zuciya na dukan uku-uku, ga gudawa, ban ma san inda kaina yake ba. A asibiti aka ce magungunan biyu duk suna ɗaga sinadarin serotonin, da suka haɗu sai ya yi yawa, kuma abin na iya kisa. Sun ja kunnena kan maganin tari mai dextromethorphan, shi ma haka yake. Yanzu duk wanda zai ba ni magani, kafin ya ɗauki biro na nuna masa kwalin nawa.

Wani dattijo: 'Yata, ki kula da diclofenac da ibuprofen da aspirin. Ni gwiwa ce ke damuna. Da na ga bayan gidana ya koma baƙi ƙirin, aka duba aka ce jini ne ke zuba a ciki, domin irin su sertraline na rage daskarewar jini, waɗancan kuma suna cin ciki. Paracetamol aka mayar da ni. Amma in likitan zuciya ne ya ba ki aspirin, kar ki daina da kanki, ki koma masa.

Direba: Nawa amitriptyline ne. Barci da bushewar baki. Ranar da aka ƙara min maganin mura mai sa barci, ajiye mota na yi.

Ɗaliba: Yaya, makonnin farko su ne masu wuya. Sauƙi ba ya zuwa sai an yi mako 2 zuwa 4, wani ma ya fi haka, ni kuwa a tsakanin nan tunanin kashe kaina ya ƙaru. Ashe hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan haka tun 2004 game da yara, ta faɗaɗa shi a 2007 ya haɗa da matasa har zuwa masu shekara 24. Na gaya wa mahaifiyata, a ranar muka koma wurin likita. In kin ji irin wannan, kar ki kwana da shi.

Wani malami: Maganin damuwata ya ƙare ina kan tafiya. Jiri, tashin zuciya, da wani abu kamar lantarki na fizga a kaina. Da na koma, likita ya ce ba a yanke shi rana ɗaya. Ko an warke sai an ƙara aƙalla wata 6, sannan a riƙa rage shi kaɗan-kaɗan.