Neman shawara: zama da mallakar fili a Busua, bakin tekun Ghana

Mai Goro Fagge ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne daga Kano, na daɗe ina zirga-zirga tsakanin Legas da Kumasi, yanzu kuma ƙarfi ya fara ja baya, ina neman wurin da zan zauna cikin natsuwa tare da ƙaramar sana'a. An kwatanta mini Busua, wani ƙauyen masunta a yankin Ahanta da ke yammacin Takoradi, inda aka ce baƙi masu yawon buɗe ido suna zuwa sosai, filaye kuma ba su kai na birni tsada ba. Niyyata in sayi fili kusa da ruwa, in gina gida da 'yan ɗakunan saukar baƙi. Ina roƙon waɗanda suka san wurin su faɗa mini gaskiya: shin baƙo yana iya mallakar fili a can, yaya zaman yake ga Musulmi mai iyali, kuma wace hanya ce ta fi sauƙin zuwa?

Ɗan Zangon Sekondi ya amsa:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Abu na farko da ya kamata ka sani shi ne ba za ka mallaki fili a Ghana mallaka ta har abada ba. Kundin tsarin mulkin 1992, a sashe na 266, ya hana wanda ba ɗan ƙasa ba irin wannan mallaka, abin da aka yarje masa kawai shi ne haya wadda ba ta wuce shekara 50 a lokaci guda ba, kuma dokar filaye ta 2020 ta sake tabbatar da haka. Duk wanda ya ce zai sayar maka da fili ya zama naka da jikokinka, ko dai bai san doka ba, ko kuma kuɗinka yake hari.

Galibin filayen ƙauyukan gaɓar teku suna hannun sarakunan gargajiya ne ko manyan dangi, saboda haka mutum ɗaya ba ya da ikon bayar da su shi kaɗai. A nan ne rigima take tasowa. Wani zai karɓi kuɗinka ya nuna maka iyaka da bishiyar kwakwa, bayan ka zuba bulo sai ɗan'uwansa ya fito da wani mai saye riƙe da tasa takardar, shari'ar fili kuwa a kotu tana iya cin shekaru. Kafin ka ba kowa ko sidi ɗaya, ka ɗauki safiyo mai lasisi ya auna wurin ya fitar da taswira, ka kai ta ofishin Hukumar Filaye da ke Sekondi a bincika ko an taɓa yi wa wani rajistarsa, sannan lauya ya rubuta yarjejeniyar, sarki ko shugaban dangi da dattawansa su sa hannu a gaban shaidu. Ka tabbata an rubuta sharaɗin sabunta hayar idan wa'adin ya cika, domin shi ne abin da 'ya'yanka za su dogara da shi.

Akwai kuma batun sana'ar. Dokar zuba jari ta 2013 ta keɓe ƙananan cinikayyar kasuwa ga 'yan ƙasa, ta kuma gindaya wa baƙo jari mai nauyi kafin ya buɗe kamfani, wanda shi ne tushen saɓanin da aka sha yi da 'yan kasuwar Najeriya a Kumasi da Accra. Lauyan ya duba maka matsayin masaukin baƙi a ƙarƙashin dokar da ke aiki yanzu tun kafin ka haƙa tushe.

Hajiya Mai Kifi ta amsa:

Alhaji, ni kifi nake saro wa daga wannan gaɓar in kai arewacin Ghana, don haka zan yi maka maganar zaman ne. Busua wuri ne mai kyau, yashinsa shimfiɗe yake, mutanen kuma suna da karɓar baƙo, amma ƙauye ne na masunta da ke magana da Ahanta da Fante, yawancinsu Kiristoci, kuma ba za ka sami zango irin na Sekondi ko Kumasi ba. Mai iyali da ke son makarantar allo ga yara da naman da ya natsu da yankansa zai riƙa dogara da Agona Nkwanta ko Takoradi. Akwai asibitin gwamnati a Dixcove, wanda ake iya zuwa da ƙafa daga Busua, amma babbar lalura sai an kai Sekondi.

Abin da baƙi ba sa lissafawa shi ne iskar teku. Gishirin da take ɗauke da shi yana cin kwanon rufi da ƙyauren ƙarfe da wayar lantarki, har za ka ga ginin da bai daɗe ba rodinsa ya yi tsatsa ya kumbura ya tsaga siminti. Ruwan sama kuma a wannan ɓangaren ya fi na kusan ko'ina a ƙasar, musamman a Mayu da Yuni, lokacin da tufafi suke fumfuna a cikin akwati, sauro ya yi yawa, baƙi kuma su ɗauke ƙafa. Kada ka kuskura ka yi gini dab da ruwa don kyan gani, domin teku tana cin ƙasa, kuma mutanen yankin Keta a gabashin ƙasar sun rasa gidaje da dama ta haka.

Arzikin ƙauyen ma ba kamar da ba ne. Kifin da kwale-kwale ke kamowa ya ragu ƙwarai saboda manyan jiragen kamun kifi da yawan masunta, man fetur ɗin da aka fara haƙowa a tekun yankin a 2010 kuwa ya fi tayar da farashin filaye fiye da samar wa 'yan ƙauye aiki. Ran Talata ba a shiga teku bisa al'ada, ranar za ka ga maza zaune a inuwa suna ɗinkin koma, mata kuma suna gyara murhun banda.

Malamin Tarihi ya amsa:

Ina girmama abin da Hajiya ta faɗa, sai dai ina ganin harkar baƙi tana da makoma fiye da yadda ta nuna. Busua tana tsakanin tsofaffin ganuwoyi biyu na Turawa, Metal Cross ta Ingilishi a Dixcove da Batenstein ta 'yan Holan a Butre, dukansu suna cikin waɗanda UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 1979, ga kuma masu wasan hawa igiyar ruwa da ke zuwa daga ƙasashe daban-daban, ga ma'aikatan Takoradi da ke fitowa hutun ƙarshen mako. Abin da nake so Alhaji ya auna da zuciyarsa shi ne yawancin masaukan bakin ruwa da giya da kiɗan dare suke cin riba, wanda ba zai sayar da ita ba kuwa dole ya nemi nasa irin baƙin, wato iyalai da matafiya Musulmi, waɗanda ba su da yawa tukuna.

Game da hanya, daga Legas za ka bi Seme, Kwatano, Lome, ka shiga Ghana ta Aflao, da fasfo da katin rigakafin shawara. Yarjejeniyar ECOWAS ta ba ɗan Najeriya kwana 90 ba tare da biza ba, zama na dindindin kuwa sai da takardar izini daga hukumar shige da fice. Daga Accra zuwa Takoradi ya ɗan haura kilomita 200, daga nan ka hau motar Agona Nkwanta, inda tasi ke ɗaukar fasinja zuwa Busua.

Mai Goro Fagge ya sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri. Maganar shekara 50 da ta giya sun sauya mini lissafi. Na yanke shawarar in kama hayar ɗaki a can daga Mayu zuwa ƙarshen Yuli ni kaɗai, in ga damina da idona kafin in yi wa kowa maganar fili. Malam na Sekondi, idan ba damuwa, ina so ka bayyana mini takardun da Hukumar Filaye take buƙata wajen binciken, da kuma ko dole ne in je da kaina ko lauya yana iya wakiltata.