Hilux tawa ba ta ja idan na ɗaura mata remok

Ɗan Garwa:
Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah masu sanin mota ku ba ni shawara. Ina da Hilux Vigo ta 2010, injin 2KD mai turbo. In ba kaya lafiya lau take gudu, cikin gari ko hanyar Pitowa ba ka jin komai. To makon jiya na ɗaura mata remok, wato tirelar da ake ja a baya, da buhunan albasa zan kai Ngaundere, har Mbe ba matsala, muna fara hawan falez, dutsen nan da ake hawa kafin Ngaundere, sai mota ta sake min jiki, na taka totur har ƙasa amma allurar juyin injin ta ƙi wuce 2,000, na dawo giya 2 tana rarrafe manyan kamiyo suna ta min hon a baya, ga wutar gargaɗin injin ta kama a dashbod. In na kashe na tayar sai ta dawo daidai, an jima kaɗan ta sake. Wani bakanike ya ce anjekta ne, masu fesa mai cikin injin, wai duka 4 za a canza, wlh kuɗin da ya faɗa sai da na nemi wurin zama.

Usta Kusiri:
Wa alaikumus salam Alhaji. Kar ka bari a taɓa anjekta tukun. Lokacin da ta sake jikin tana baƙin hayaƙi ko salansa tsaf take? Kuma gazwal, wato dizal, a ina kake sha, yaushe rabonka da canza filta?

Ɗan Garwa:
Usta hayaƙi kam babu ko kaɗan, yarona yana baya yana kallo. Mai kuma gaskiya zuwa-zuwa nake sha yawanci, na jarka. Filta tun da na sayi motar sau ɗaya na canza.

Usta Kusiri:
To ai ka ba kanka amsa ranka ya daɗe. Injin gazwal in iska ce ta yi masa kaɗan mai ba ya ƙonewa duka, sai ya fito baƙi ƙirin ta salansa. In kuwa ƙarfi ya tafi ba hayaƙi, mai ne ba ya isowa. Filta da ta fara toshewa ba ta nuna kanta a gari, don ɗan man da injin ke buƙata yana wucewa, sai ranar da kaya da hawa suka haɗu injin ya nemi mai da yawa, nan ne asirinta ke tonuwa. Irin injinka famfonsa yana matsa mai sama da bar 1,000, da zarar matsin ya faɗi kwamfutar mota ta rage ƙarfi da kanta don kare injin, shi ya sa in ka kashe ka tayar take dawowa. Ka canza filta ka sa ta kirki ba ta bakin titi ba, ka kwance ɗan murfin ƙasanta ka ga ko ruwa zai fito. In ba ta warke ba a sauke tanki, akwai rariya a ciki da laka ke liƙewa. Man jarka ba laifinsa kaɗai ba ne, mazurarin da suke zuba maka da shi ma ka taɓa duba cikinsa?

Baban Hajara:
Ni tawa da ta yi min haka a hanyar Anjamena zuwa Mundu tiyon turbo ne ya tsage ta ƙasa inda ido ba ya gani, amma ita tana hayaƙi kuma tana wani fito kamar butar shayi. Taka daban ce. Sai dai ka busa filtar iska, ƙurar hunturun nan ba wasa ba. Kuma ka taɓa ƙafafun remok bayan tafiya, in ɗaya ta yi zafi birki ne ko boris ke riƙe ka.

Direban Falez:
Kuloci fa? Shi ma da kaya yake nuna kansa.

Usta Kusiri:
A'a ɗan uwa, kuloci in yana sulɓi allura sama take tashi injin na kuka mota ba ta tafiya. Shi tasa ta ƙi tashi ne.

Direban Falez:
Haka ne kuma. Amma Alhaji a rage lodi don Allah, daga Garwa zuwa Ngaundere hawa ne na kusan mita 900, mu masu tsohon 5L da ba turbo muna ji a jikinmu tun kafin mu kai sama.

Malam Lantarki:
Tunda wuta ta kama akwai lambar da kwamfuta ta ajiye, ka je a jona na'ura kafin a goge. In filta da tanki ba su gyara ba a duba SCV, ɗan bawul ne a jikin famfon Denso mai kusoshi 2, yana yawan maƙalewa a waɗannan injinan kuma alamarsa kenan sak. Kuɗinsa bai kai na anjekta ɗaya ba.

Ɗan Garwa:
Jama'a na gode, Allah ya saka da alheri. Yau mun cire filta, mun yanka ta da zarto, cikinta baƙi kamar gindin tukunya, ruwa ma ya kusa cika kofin shayi. Mun sa sabuwa na ɗaura remok na gwada hanyar Ngong, allura tana wuce 3,000 ba gardama. Falez kam sai Laraba zan hau. Usta tankin nan dole sai an sauke shi ko in fara gwadawa haka?

Usta Kusiri:
Sauke shi Alhaji, aikin rabin yini ne. In ba haka ba sabuwar filtar ma ba za ta yi wata ba. Kuma ka riƙe wata a mota ranar Larabar.