Neman kalma: labarin da ya haɗa tarihi da fatalwa, na matasa

Mai Shirin Adabi: Salamu alaikum. Ranar Asabar zan yi sharhin wani littafin matasa a rediyo, har yanzu ban san sunan da zan ba nau'insa ba. A yammacin Amurka labarin yake, lokacin rububin zinaren Kalifoniya da ya faro a 1848: ayarin keken shanu, kwalara a hanya, ƙishirwa a hamada. Wannan duk tarihi ne. Amma jarumar tana hira da fatalwa, abin da Turawa ke kira fantasi. Ni littafin rabi da rabi ya yi mini. Tafiyar ta yi armashi, sai dai duk inda aka shiga tsaka mai wuya fatalwa ce ke zuwa ta warware, 'yan asalin ƙasar kuma an bar su kamar ado a bakin hanya.

Bakatsine: Tatsuniya mana.

Uwar Biyu: Haba Malam. Tatsuniya ba ta da shekara, ba ta da gari. Gizo bai taɓa zuwa Kalifoniya ba. Ki ce "almarar tarihi".

Ɗalibin Hausa: A aji an koya mana "tarihihi", amma shi na labarin da jama'a suka gada ne suna ganin ya faru, irin na Bayajidda da macijiyar Kusugu. Wannan kuwa mutum ɗaya ne ya zauna ya ƙaga.

Maƙerin Kalma: Ga tawa: TARIMARA. Tarihi da almara. Gajeriya, ga daɗi a baki. Jam'i tarimarori.

Uwar Biyu: Wallahi kamar sunan maganin tari.

Maƙerin Kalma: Hajiya, haka aka yi wa kowace sabuwar kalma dariya. Matsalarmu ke nan, in Bature ya haɗa kalma mu haddace, in namu ya haɗa mu kushe.

Bakatsine: To ai "tarihi" ma Larabci ne. In Hausa zalla ake so, a ce "labarin da".

Ɗalibin Hausa: "Labari" fa daga ina ya zo, Malam?

Bakatsine: Ku 'yan jami'a kun fi son gardama da aiki. Kakata ba ta yi digiri ba, kuma ta fi ku Hausa.

Tsohon Malami: Yara, ku dakata. Nau'in nan ba baƙo ba ne a wurinmu. Ganɗoki na Bello Kagara, 1934, ya fara da yaƙin Turawa na gaske, ya ɓulla ƙasar aljannu. Ba wanda ya tsaya ƙera masa suna. Ni abin da ya fi damuna "yamma". In kin ce labarin Yamma, mai sauraro zai ɗauka ƙasashen Turai kike nufi. Ki ce zamanin kaboyi, kowa ya ga doki da malafa.

Ɗalibin Hausa: Baba, kaboyi sai bayan yaƙin basasar Amurka, daga 1865, suka yi tashe. Masu neman zinare sun riga su.

Tsohon Malami: Na ji. Amma rediyo ne, ba jarrabawa ba.

Maƙerin Kalma: Tarimarar kaboyi. Kun ga ta zauna daram.

Mai Shirin Adabi: Na gode muku. Zan ce "almarar tarihi ta matasa, a yammacin Amurka". Kaboyi zan ambata sau ɗaya don a gane wurin. Ba ta gamsar da ni sosai ba, don almara a kunnen wasu shirme ce kawai, amma lokaci ya ƙure.

Bakatsine: Ta yi tsawo, amma a je a haka.

Maƙerin Kalma: Ko sau ɗaya ki jefa tarimara a ƙarshen shirin, mu ji ko masu kiran waya za su kama.

Mai Shirin Adabi: Sai furodusa ya yarda.